Fiɗa Don a Gani: Ma'anar Kalmar Dissection

Kalmar Ingilishi dissection ta fito ne daga Latin, dissecare, wato a yanka a rarraba. Sai dai yanka kaɗai bai fayyace ta ba. Mahauci yana fiɗa don ya raba fata da nama, likitan tiyata yana tsaga mai rai don ya warkar da shi, mai binciken gawa kuma yana neman abin da ya kashe mamaci. Mai dissection buƙatarsa daban ce: ya ga ƙirar jiki, ta ina jijiya ta bi, a ina tsoka ta kama ƙashi. A ganina wannan niyya ita ce ma'anar kalmar, shi ya sa "fiɗar nazari" ta fi "fiɗa" zalla dacewa a littattafanmu na kimiyya.

Tarihi ya nuna illar rashin gani da ido. Galen, wanda Larabawa ke kira Jalinus, birai da aladu ya feɗe a ƙarni na 2, ya ɗora abin da ya gani a kan ɗan Adam, likitoci suka bi shi fiye da shekara dubu. Ya ce muƙamuƙin ƙasa ƙashi biyu ne. Likita Abdullaɗif al-Baghdadi ya duba tarin ƙasusuwan waɗanda yunwar Masar ta kashe wajen 1200, ya tarar ƙashi ɗaya ne tal. Andreas Vesalius, malami a Padua, ya riƙe wuƙar da hannunsa maimakon ya bar wa wanzami kamar yadda aka saba, littafinsa na 1543 ya gyara kurakuran Galen masu yawa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne Larabci. Tashrih, sunan wannan ilimi, tushensa ɗaya da sharh, wadda muka ara ta zama "sharhi". Likita Ibn al-Nafis ya haɗa su biyun a sunan littafinsa, Sharh Tashrih al-Qanun, inda ya musanta cewa jini na ratsa bangon da ke tsakiyar zuciya, ya ce ta huhu yake bi. Bahaushe ma da ya ce a feɗe biri har wutsiya, cikakken bayani yake nufi, kuma haka Turawa ke amfani da tasu kalmar idan ana tsefe hujja ko waƙa gaɓa-gaɓa.