Dalziel da Garaken Matameye: Amsa ga Masu Cewa Ba Namu Ba Ne

Tun da aka fara zancen sa ɗalibai su tattara tarihin garaken Matameye, wani abokin aiki, masanin zamanin mulkin Faransa, ya tsaya kai da fata cewa John McEwen Dalziel (1872–1948) ba shi da gurbi a aikin. Hujjarsa ita ce Dalziel likitan gwamnatin Ingila ne, a Arewacin Nijeriya ya tattara tsirrai, Matameye kuwa Faransa ke mulkinta. Saboda haka a nufi ma'ajiyar takardu ta Yamai da ta Aix-en-Provence, a bar wa Kanawa Dalziel ɗinsu. Ina girmama iliminsa, amma a nan kam da wuya in bi shi.

Dangantakar Daura da ƙasar Kance, inda Matameye take, da yadda Damagaram ta shimfiɗa ikonta kudu a ƙarni na 19, sanannu ne (Salifou 1971, Baier 1980). Abin da ya shafe mu shi ne shekarun iyaka. A 1906 Ingila da Faransa suka ƙulla yarjejeniyarta a Landan, ayarin Tilho da O'Shee suka bi ƙasa suna kafa alamu har 1908. Littafin Dalziel na sunayen tsirrai, A Hausa Botanical Vocabulary, ya fito a 1916. Dattijon da ya gaya masa sunan wani ganye ya girmi iyakar da shekaru masu yawa, kuma iri bai taɓa tsayawa a shingen kwastan ba: a ƙullin zane yake tafiya, daga kasuwa zuwa kasuwa, daga gidan miji zuwa gidan iyaye.

Abokin namu ya san wannan, shi ya sa ya koma ga hujja ta biyu, wadda ta fi ƙarfi. Ya ce Dalziel ba marubucin noman lambu ba ne, mai jera sunaye ne. Lalle littafin 1916 bai koya wa kowa tsaga fangali ko ɗaga ruwa da jigo ba. Sai dai wanda ya buɗe The Useful Plants of West Tropical Africa (1937) zai ga abin ya wuce jeri: ana ci ko ana magani, shukawa ake yi ko a daji yake fitowa, wane sashe ake amfani da shi. Wannan ilimin manoma ne da masu magani da matan gida, Bature ya rubuta, sunansa ya hau bango, nasu ya ɓace. A ganina, kusan a nan amfaninsa yake duka. Binciken Dalziel hanya ce ta isa ga waɗanda suka ba shi labari.

Ya kuma ce takardun Faransa sun wadatar. Anya? Abin da ya dami kwamandan Faransa shi ne haraji da gyaɗa, don gyaɗa ce ke cika baitulmali, har aka kafa masana'antar matse man gyaɗa a Matameye. Rake da rogo da dankalin da ake nomawa a kwarurukan Korama na kasuwar gida ne, ba su cika cin tawadar ofis ba. Daga nan, ina zato, kuskuren nan ya samo tushe, na masu ɗauka cewa noman rani ya fara ne da kiran Seyni Kountché bayan farin 1984. Kiran ya faɗaɗa abin da ya tarar.

A nan dole in rage faɗin da'awata. Dalziel ba shaida ba ne a kan abin da ke cikin garkar Matameye a 1916. Sunan da ya ji a Sakkwato ko Katsina ba ya tabbatar da cewa ana shuka abin a Dungu ta ƙasar Kance. Shaidar da ta taka ƙasar Kance da ƙafarta ita ce ta Guy Nicolas, wanda ya wallafa nazarin ƙauyen Tasawu a Les Cahiers d'Outre-Mer a 1960, kuma a nan abokin namu yana da gaskiya, da nazarin Nicolas ya kamata a auna komai. Matsayin Dalziel bai wuce na takardar tambayoyi ba, amma takarda ce da ta haura shekara 100.

Ga yadda za ta yi aiki. Ɗalibi ya zauna bakin rijiyar garka da hantsi, lokacin da aka kashe injin ban ruwa, ya karanta wa mai garka sunayen ɗaya bayan ɗaya. "Baba, wannan fa, kuna shukawa?" Wani sunan tsohon zai nuna shi da sanda a cikin fangali. Wani zai ce mahaifinsa ya shuka, shi bai tarar ba. Wani kuma zai girgiza kai, bai taɓa ji ba. Idan aka zo kan takanɗa da rake, sai a tambayi wanne ya riga wanne a kwarin, da wanda ya kawo irin da ake sara yau, da garin da ya fito. Kowace amsa a rubuta ta da sunan ƙauye da shekarun mai magana, sannan a ɗora ta a kan abin da Nicolas ya wallafa a 1960. Inda Dalziel da mai garka da Nicolas suka saɓa, nan ɗaliban Jami'ar André Salifou za su koma da na'urar ɗaukar murya.