Ɓarawon Zaune: Hamani Tidjani da Rufe Iyakar 2003

A Kano ko Katsina ko Maraɗi, in aka ce mota 'yar Kwatano ce, ba wanda zai zaci a can aka ƙera ta. Abin da ake nufi shi ne ta gama cin ƙuruciyarta a titunan Turai, aka loda ta a jirgin ruwa, aka sauke ta a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, sannan ta biyo hanya har ta iso hannun mai saye. Sunan gari ya koma sunan haja, har ma ana iya jin an kira tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki ko injin wuta da ɗan Kwatano. Ɗalibin Hausa ya lura da wannan, domin irinsa na da yawa a harshen. Amma darasinmu na yau a kan motocin da suka bi hanyar a juye ne, wato waɗanda aka ƙwace a Najeriya aka tsallaka da su Kwatano, da kuma mutumin da hukumomin Najeriya suka ce shi ne uban tafiyar, Hamani Tidjani.

Sai mun fara da wurin kafin mu zo ga mutumin. A tsakiyar Kwatano, kusa da mashigin ruwan da ya raba birnin biyu, akwai unguwar Tokpa-Hoho, wadda sunanta a harshen Fon ke nufin tsohuwar Tokpa, ita kuma kalmar tokpa bakin ruwa ce. Kusa da nan babbar kasuwar Dantokpa take, kuma a wannan yanki ne Zangon Kwatano yake, da babban masallacinsa da 'yan canjinsa da mahauta da masu sayar da atamfa. Hausawa da Zabarmawa da Dendawa da sauran mutanen arewa sun daɗe da zama a nan, Hausa kuwa ita ce harshen ciniki a tsakaninsu. Zango, ko a Kumasi yake ko a Lome ko a Ibadan, a kan abu guda ya ginu: amana. Baƙo ya sauka wurin maigida, maigida ya ba shi masauki, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an ba da bashi. Abner Cohen ya yi bayanin wannan tsari filla-filla a littafinsa na 1969 a kan unguwar Sabo ta Ibadan. Ba takarda, ba sa hannu. Sunan maigida shi ne jarinsa, ranar da ya ɓaci kuwa kasuwarsa ta watse.

Ƙasar da wannan Zango yake cikinta tana da wata irin rayuwa ta daban. Jamhuriyar Benin ƙarama ce, ga ta manne da babbar kasuwar Najeriya, iyakar da ke tsakaninsu ta haura kilomita 700. Duk abin da Najeriya ta hana shigowa da shi ko ta tsawwala masa kuɗin fito, shinkafa ko atamfa ko kaji daskararru ko tsofaffin motoci, sai Benin ta buɗe masa ƙofa, ta karɓi nata kason, ta bar shi ya sulale gabas. Masana biyu 'yan ƙasar, John Igué da Bio Soulé, sun kira ta ƙasa mai zaman rumbun ajiya a littafin da suka fitar a 1992, kuma sunan ya bi ta. A da, motoci da yawa akan rubuta su a takarda cewa Nijar za su, su haura arewa ta Malanville da Gaya, daga baya su faɗo Najeriya ta wajen Birnin Ƙonni da Illela ko ta Maraɗi da Jibiya. Da gwamnatin Obasanjo ta taƙaita shekarun tsohuwar motar da za a shigo da ita a farkon shekarun 2000, sai ta ƙara wa wannan hanya daraja ba tare da ta yi niyya ba. Inda dubban motoci ke canja hannu kowane wata, ga makanikai da masu fenti da masu haɗa takardu, ga jami'an da suka saba kau da kai, ɓoye motar sata a ciki bai fi ɓoye ƙwayar gero a cikin buhu wuya ba.

Hausa tana da suna ga mai irin wannan sana'a: ɓarawon zaune. Shi ba ya haura katanga, ba ya tare hanya. Yana zaune a inuwa, kaya na zuwa suna samunsa, ya saya da araha ya sayar da tsada. Kalmar tana ɗauke da hukunci a cikinta, domin ta ƙi yarda a kira shi ɗan kasuwa. Najeriya ta saba da ɗaya nau'in, wato ɓarawon tsaye. Lawrence Anini, wanda ya addabi birnin Benin na tsohuwar jihar Bendel, da bindiga a hannu ya yi suna, kuma harbe shi aka yi a watan Maris na 1987. Irin su Anini ba sa daɗewa, shekara ɗaya ko biyu harsashi ya same su. Ɓarawon zaune shi ne mai tsawon rai, domin ɗan fashi ba ya iya cin mota, sai ya sami wanda zai mayar masa da ita kuɗi.

Hamani Tidjani ɗan asalin Jamhuriyar Nijar ne da ya zauna a Kwatano ya yi dukiya. Wanda zai bi labarinsa a tsofaffin jaridu ya yi hattara da rubutun sunan: na Kwatano kan rubuta Hamani ko Amani Tidjani bisa ƙa'idar Faransanci, na Legas kuwa sukan rubuta Tijani, su sauya sunan farko yadda suka ji shi. Mutum ɗaya ne. A idon jama'ar Kwatano attajiri ne mai harkar motoci, mai hulɗa da manya. A idon 'yan sandan Najeriya kuwa shi ne matattarar motocin alfarma da ake ƙwacewa da bindiga a Legas da Ogun da maƙwabtansu. Shi dai ya tsaya a kan cewa ɗan kasuwa ne.

Yadda irin wannan harka ke tafiya ba boyayye ba ne. Daga Legas zuwa iyakar Seme tafiyar 'yan sa'o'i ce, ko ƙasa da haka in dare ya yi hanya ta buɗe, ga kuma barauniyar hanya birjik ta cikin ƙauyukan da dangi ɗaya ke zaune a ɓangarorin biyu. Kafin mai mota ya gama ba da rahoto a caji ofis, motarsa ta kwana a wata ƙasa mai wani harshen hukuma da wata dokar daban. A can za a sauya lambar jikinta, a sake fenti, a yi mata sababbin takardu, a tura ta Togo ko Burkina Faso ko Mali. Ɗan sandan Najeriya ba shi da ikon bin ta, takwaransa na Benin kuwa ba shi da mai ƙara a gabansa. A ganina, abin da ya sa gungun ya yi ƙarfi shi ne ya ari siffar tsohon tsarin maigida: ga mai masauki, ga mai ajiya, ga mai tsaya wa yaransa in sun shiga hannu. Siffar ce kawai aka ara, domin amanar Zango ta kare dukiyar baƙo ce, wannan kuwa ta raba mutum da dukiyarsa ce, wani lokaci har da ransa.

Shekaru aka yi ana wannan, masu motoci na kuka, ba abin da ya motsa. Sai ranar 20 ga Afrilu 2003, kwana ɗaya bayan zaɓen shugaban ƙasa, 'yan bindiga suka buɗe wa motar Iyabo Obasanjo, 'yar shugaban ƙasa, wuta a yankin Ifo na jihar Ogun. Ita ba ta cikin motar, amma an kashe mutanen da ke ciki, har da yara biyu. Da farko mutane da yawa sun ɗauka siyasa ce, ganin lokacin da abin ya faru. Daga baya 'yan sanda suka danganta harin da 'yan fashin ƙetare iyaka, sunan Tidjani ya fito fili. Ba na jin akwai mai musun cewa da motar wani ɗan kasuwar Idumota ce, da labarin ya tsaya a shafi na biyar na jarida.

Najeriya ta nemi a miƙa mata shi. Akwai ma yarjejeniyar miƙa masu laifi da Najeriya da Benin da Togo da Ghana suka sa wa hannu tun 1984. Amma aka kama Tidjani a Kwatano aka sake shi, ya kuma yi layar zana. Wannan ne ya ƙure haƙurin Obasanjo. Ranar 10 ga Agusta 2003 Najeriya ta rufe iyakarta da Benin, tana kafa hujja da fashi da fasa-ƙwauri da safarar mutane.

A nan ne labarin ya sauko kan talakan Tokpa-Hoho. Ɗan canjin da ke zaune da damin naira ya rasa mai saye. 'Yan kasuwar Najeriya da ke cika Dantokpa suka ɗauke ƙafa. Man fetur ɗin da ake tsallakowa da shi daga Najeriya ana sayarwa a kwalabe a bakin titi, wanda mutanen Benin ke kira kpayo, ya yi tsada, masu achaɓa suka ji a jikinsu. Mutanen da ba su taɓa ganin Tidjani ba, ba su kuma ci ko sisinsa ba, su suka fara biyan bashinsa. Ba wannan ne karo na farko ba, domin gwamnatin Buhari ta soja ta rufe iyakokin a 1984, ba a buɗe ba sai 1986, kuma dattawan kasuwar ba su manta ba. Shi ya sa shugaba Mathieu Kerekou bai ɓata lokaci ba. Ranar 14 ga Agusta ya gana da Obasanjo a Badagry, suka sa hannu a kan takardar fahimtar juna ta yaƙi da laifuffukan ƙetare iyaka, washegari aka buɗe hanya. Abin da shekaru na wasiƙun diflomasiyya suka kasa, kwana biyar na rufe kasuwa ya yi shi.

A watan Satumba aka cafke Tidjani a Bamako, aka dawo da shi Kwatano, aka miƙa shi ga Najeriya. A Benin batun ya zama abin kunya na ƙasa, wasu manyan jami'ai suka rasa muƙamansu saboda zargin sun ba shi kariya. Yarjejeniyar Badagry ta haifar da wani alheri da ba a cika tunawa da shi ba: a watannin da suka biyo baya an kwaso yara 'yan Benin da aka samu suna aikin fasa dutse a wajen Abeokuta, aka mayar da su gida.

Bahaushe ya ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Jaridun Legas na lokacin sun zuba warin duka a kan Kwatano, kamar motocin tashi suke yi sama su tsallake shingayen binciken da ke jere daga Mile 2 zuwa Seme. Ko a zamanin Anini, ai tare da shi aka hukunta wani babban jami'in ɗan sanda, George Iyamu, wanda kotu ta samu da laifin taimaka wa gungun. Sufeto Janar na 'yan sandan da ya karɓi Tidjani cikin alfahari a 2003 shi ne Tafa Balogun. A watan Janairu 2005 Balogun ya sauka daga muƙaminsa bisa zargin almundahana, hukumar EFCC ta Nuhu Ribadu ta gurfanar da shi, aka ga hotonsa da ankwa a hannu. A watan Nuwamba na shekarar kotu ta yanke masa ɗaurin wata 6. Laifinsa daban ne da na Tidjani, ba na haɗa su a tuhuma ɗaya, amma mai karatu ya riƙe wannan adadi a ransa.

Shari'ar Tidjani kuwa ta yi ta jan ƙafa: yau ba a kawo shaidu ba, gobe an ɗage zama, jibi an sauya alƙali. Wata babbar kotu a Ijebu-Ode ta jihar Ogun ta yanke masa ɗaurin shekara 10 kan karɓar kayan sata, wato dai laifin ɓarawon zaune kamar yadda Hausa ta raɗa masa tun farko. Da aka lissafa zaman da ya riga ya yi, wa'adin ya cika, amma bai fita ba, domin akwai sauran tuhuma a kansa a kotun Legas. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi a gidan yarin Kirikiri, ya rasu a 2014, bayan fiye da shekara 10 a tsare, shari'ar Legas ba ta kai ƙarshe ba. Iyalan waɗanda aka kashe a kan hanyoyin Legas da Ogun ba su ji kotu ta fayyace musu wanda ya aiko da wanda aka aika ba.

Kasuwar motocin Kwatano ba ta girgiza da tafiyarsa ba. An ci gaba da sauke su a tashar jiragen ruwa, ana jera su a manyan filaye a kan hanyar Seme, dillalai daga Kano da Sakkwato da Zinder na zuwa suna zaɓa, akasarinsu mutane masu neman halak ɗinsu. A watan Agusta 2019 Najeriya ta sake rufe iyakar, wannan karo saboda shinkafa da man fetur, kuma ba kwana biyar ta yi ba, sai a watan Disamba 2020 aka buɗe Seme.