Tun Yaushe Kishiya Ta Shiga Akwatin Talabijin?

Wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan kasuwa, ya aiko da takarda yana kuka. Ya ce matansa biyu sun kalli wani wasan ban dariya inda uwargida ta kai sunan amarya wurin boka, tun ranar ba su ci a kwano ɗaya ba. Yana tambaya, wa ya kawo mana wannan fitina?

To malam, abin ya girmi talabijin. Tun da can yara na tashe daga goma ga watan azumi, suna kwaikwayon mai gida da matansa, manya na dariya suna jin kunya. Da rediyo ya zo, Shu'aibu Maƙarfi ya rubuta Jatau Na Kyallu, labarin attajirin da ya ƙi jin shawara ya auro Kyallu, gidansa ya watse, dukiya ta ƙare. A 1962 aka buɗe talabijin a Kaduna, inda su marigayi Ƙasimu Yero da Samanja suka yi suna. A 1990 fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano, kishi kuwa ya zama abincin 'yan fim.

Amma fa ku lura, a yawancin wasannin nan mai zuwa wurin boka kunya take sha a ƙarshe, mijin da ya kasa adalci shi ake yi wa dariya. Ni dai shawarata, kafin ka kashe akwatin, duba rabon kwana da kuɗin cefane a gidanka. Sai mun ji daga gare ka.