Lubban da Ɗan'uwansa Hano

Lubban da muke karantawa a Fitowa 30:34 da Matiyu 2:11 ƙaron itace ne. Tun zamanin dā daga Oman, Yaman da Somaliya yake fitowa, ayarin raƙuma kuma suka riƙa kai na Larabawa har Gaza. Yau ana tace mansa da tururi, ana shaƙa don samun natsuwa.

Ɗan'uwansa yana tsiro a arewacin Nijeriya, wato hano ko ararraɓi. A 1910 masana suka laƙaba masa sunan Likita Dalziel. Kakanninmu kan turara ƙaronsa a ɗaki, su dafa ɓawonsa saboda zazzaɓi.

To, mutanen Arikya, idan muka saɓe ɓawon kewaye da gindin, itacen zai bushe. Mu ɗebi kaɗan daga gefe ɗaya, domin jikokinmu ma su samu.