Kakar 2021: shekarar da ɗaliban Maiduguri suka ɗauki kofin jami'o'in Najeriya, mu kuma muna gidan kallo

1/  Jiya a gidan kallo a Maƙarfi na tambayi mutum 9 wa ya ci Gasar Zakarun Turai a 2021. Kafin in rufe baki sun ce Chelsea. Na ce to wa ya ci gasar ƙwallon jami'o'in Najeriya a shekarar? Aka yi tsit. Wani ma ya ce, "Au, akwai ta?" Zare ne, ku biyo ni.

2/ Akwai ta. Sunanta HiFL, gasar ƙwallon ƙafa ta manyan makarantu. An fara ta a 2018, wani kamfani mai suna Pace Sports ne ya shirya ta tare da NUGA, ƙungiyar wasannin jami'o'i. Ba NPFL ba ce, ba NNL ba, ba ma NLO ba. Ɗalibai ne zalla, masu lakca da safe, atisaye da yamma.

3/ Amma bari mu ɗan koma baya. Wasan ɗalibai ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. An yi wasannin NUGA na farko a Ibadan a 1966. Kwalejojin fasaha suna da tasu, NIPOGA. Kwalejojin ilimi, irin FCE Zariya ta da, suna da NICEGA. Wato tun zamanin kakanninmu akwai hanya daga aji zuwa fili.

4/ Hanyar kuma ta taɓa kai mutane nesa. Cikin tawagar da ta ci wa Najeriya Kofin Afirka na farko a 1980 akwai Segun Odegbami, wanda ya yi karatun injiniya a kwalejin fasaha ta Ibadan, da Adokiye Amiesimaka, wanda ya karanta lauya a Jami'ar Legas. Babu wanda ya ce musu sai dai su zaɓi ɗaya, boko ko tamaula.

5/ Matsalar NUGA ita ce biki ne na 'yan kwanaki. A taru a jami'a ɗaya, a yi guje-guje da tsalle-tsalle da ƙwallo, a watse. Wani lokaci sai an yi shekaru ba a sake taruwa ba. Abin da HiFL ta zo da shi shi ne kaka: wasannin share fage, sannan gida da waje, wanda aka cire ya koma aji, har a kai wasan ƙarshe.

6/ Kowace jami'a aka ba ta laƙabi. ABU Nobles ta Zariya, BUK Stallions ta Kano, UNILAG Marines, OAU Giants. A 2018 UAM Tillers ta Makurɗi ta ɗauki kofi. A 2019 UNICAL Malabites ta Kalaba ta karɓe. Arewa maso yamma da arewa maso gabas dai kallo muke yi.

7/ Sai 2020 ta zo da nata. Korona ta rufe makarantu a watan Maris. ASUU kuma ta shiga yajin aiki a watan, ba ta janye ba sai 23 ga Disamba. Wata tara cur. Ba lakca, ba atisaye, ba gasa. Yayyenmu da ke ABU da KASU duk sun dawo gida, wasu suka koma gonar rake, wasu acaɓa.

8/ Yanzu ku ɗauki wannan halin ku kai shi Maiduguri, inda ba Korona da ASUU kaɗai ke damun ɗalibi ba. Ranar 16 ga Janairu 2017 an tayar da bam a masallaci a cikin jami'ar, har farfesa ya rasu. A Fabrairun 2020 an kashe matafiya kusan 30 a Auno, kan hanyar Damaturu zuwa Maiduguri.

9/ A Janairun 2021 kuma 'yan ta'adda suka lalata turakun wutar lantarki da ke kai wa garin wuta. Maiduguri ta yi watanni cikin duhu. Ko ƙungiyar jihar, El-Kanemi Warriors, akwai shekarun da sai dai ta yi wasannin "gida" a wasu jihohi saboda tsaro.

10/ A wannan shekarar ce, daga wannan garin, UNIMAID Desert Warriors ta fito. Ta tsallake zagaye bayan zagaye har wasan ƙarshe, ta haɗu da AAUA Luminaries ta Jami'ar Adekunle Ajasin da ke Akungba a Jihar Ondo, ta ɗauki kofin 2021. Allah ke nan.

11/ Ku tsaya ku yi tunani. Yaran da idan aka ambaci garinsu a labarai sai dai adadin gawa, su ne suka zama zakarun jami'o'in ƙasar nan. Da a ce wata ƙasa ce, da tuni an yi fim. Mu nan ko a gidan kallo ba mu ji ba. Ni kaina sai bayan na shiga jami'a na sani, kuma na ji kunya.

12/ Me nake yi a 2021? Ina gida ina jiran gurbin karatu. Muna da tamu "kakar": gasar unguwanni da ƙauyuka da samari ke haɗawa bayan an cire amfanin gona. Ƙungiyoyi daga wajen Hunƙuyi, daga Ikara, daga cikin Maƙarfi. Raga ta gora, layi da toka, alƙalin wasa malamin firamare.

13/ Akwai wani gola daga ɓangaren Kudan, ba zan faɗi sunansa ba. Wallahi a wasa ɗaya na ga ya kaɗe fenariti biyu ba safar hannu. Ranar har masu rake da mazarƙwaila suka bar tirensu suka shigo fili. Ya gama sakandare, ya so ya ci gaba, kuɗin rajista ya gagara. Yau yana dakon buhu a kasuwa.

14/ Sana'a ba abin kunya ba ce. Abin da ke ci mini rai shi ne babu takarda ko ɗaya da ta nuna ya taɓa tsayawa a raga. Ba hoto, ba sakamako, ba jerin sunaye. Kofin ma wani ɗan siyasa ne ya saya, aka yi hoto da shi, shekara ta zagayo ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

15/ Ku kwatanta da Amurka. Ƙwallonsu daban ce, ta hannu da kwalkwali, amma darasin ɗaya ne. Wasan kwaleji na farko an yi shi a 1869 tsakanin Rutgers da Princeton, kuma har yau an san sakamakon: 6 da 4. Filin Jami'ar Michigan na ɗaukar mutum sama da 100,000.

16/ Ba ma manyan ne suka burge ni ba. Suna da rukuni na 1, na 2, na 3. A rukuni na 3 ba a ba ɗan wasa tallafin karatu don ƙwallo. Duk da haka ƙaramar kwalejin da ba ka taɓa ji ba, za ka tarar da kakarta ta shekaru 60 baya a rubuce: koci, ranaku, ci nawa. Ba kuɗi ne kawai ba, alƙalami ne.

17/ Kuma kada wani ya ce mana ƙasarmu ba ta fitar da 'yan ƙwallo. Daniel Amokachi, Tijjani Babangida, Garba Lawal, Celestine Babayaro, duk 'yan Kaduna ne, duk suna cikin waɗanda suka ci zinare a Atlanta 1996. Ranchers Bees ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofuna a 1988. Kaduna United ta ci Kofin Ƙalubale a 2010.

18/ Amma ku lura, duk labarin cikin garin Kaduna ne. Daga Kudan zuwa filin wasa na Ahmadu Bello tafiyar 'yan awanni ce a mota, amma ga yaron ƙauye kamar bangon duniya. Gadar da za ta haɗa su makaranta ce. Idan makarantar na rufe, ko kuɗinta ya fi ƙarfin uba, gadar ta karye.

19/ Haka kuwa aka yi. Kofin Maiduguri bai gama hucewa ba, ASUU ta sake tafiya yajin aiki ranar 14 ga Fabrairu 2022, sai 14 ga Oktoba ta dawo. Wata takwas. Ɗan wasan jami'a shekara 4 ko 5 gare shi. Ka cire masa wata 9, ka sake cire 8, me ya rage?

20/ Shi ya sa nake ganin kakar 2021 ta cancanci a riƙa tunawa da ita. Tana tsakanin yajin aiki biyu, kamar ruwan da ya sauka tsakanin fari da fari. Ɗan lokacin da aka buɗe ƙofa, ɗaliban Maiduguri suka nuna abin da za a iya.

21/ Roƙona ƙarami ne. Ba na jiran gwamnati a wannan. Duk muna da waya. Idan za a yi gasa a unguwarku bana, mutum ɗaya ya ɗauki nauyin rubuta ranar, ƙungiyoyi, sakamako, wa ya ci. A ɗauki hoton 'yan wasa kafin a take leda. A ajiye inda ba zai ɓace da wayar mutum ɗaya ba.

22/ 'Yan Ikara, Maƙarfi, Kudan, da ma ko'ina: wane wasa ne kuka taɓa kalla a filin makarantarku da har yau bai bar ranku ba? Wace shekara, ci nawa? Ku ajiye a ƙasa, zan tattara. Wanda kuma ya buga wa UNIMAID a 2021, ko ya san wanda ya buga, don Allah ya yi mini magana.