Garma da Ganga a Bakin Kwara: Tarihin Makaɗan da Ba Su da Ubangida

Idan aka ambaci kiɗa da waƙa a ƙasar Yauri, sunan da yake fara zuwa bakin mutane shi ne na gidan Ɗandawo, wato Aliyu Ɗandawo, mutumin Shuni, wanda ya yi wa sarakunan Kabi waƙa a Argungu kafin ya komo Yauri da zama, da ɗansa Alhaji Sani, wanda muryarsa ta kai duk inda rediyo da kaset suka kai. Kuma haƙƙinsu ne a fara da su, domin sun cancanta. Amma a bayan wannan daraja ta fada akwai wani jinsi na makaɗa, waɗanda suka fi na fada yawa nesa ba kusa ba, ba su da ubangida, ba su jiran doki ko rigar sarki, galibi mutum biyu ne kacal, ɗaya da gangar noma ɗaya da kazagi, ko mai goge da mai ƙwarya, ko mai garaya da mai girgiza masa buta, waɗanda in damina ta faɗi ba ka rarrabe su da sauran manoma sai ranar gayya. Tarihin waɗannan nake nufin bi, daga tsibiran Kwara har tudun Ngaski da Shanga, domin a ganina gonarsu ita ce asalin 'yancinsu, kuma duk abin da ya taɓa gonar sai da ya taɓa kiɗan.

Ƙasar da suke ciki ƙasa ce ta al'ummomi daban-daban a ƙarƙashin sarautar Hausawa. Akwai Gungawa, mazauna tsibirai da gaɓar kogi. Akwai Kambari, manoman tudu, waɗanda suka fi yawa a wajen Ngaski, tsohuwar daular Maginga da Farfesa Mahdi Adamu, ɗan garin, ya bi diddigin tarihinta. Akwai Shangawa a arewa, masu harshen da yake da dangantaka da na Busawa. Akwai Dukkawa da Lopawa, da Sarkawa waɗanda kamun kifi ne sana'arsu ta gado. Sa'ad da Turawan nan biyu 'yan'uwan juna, Richard da John Lander, suka sauka birnin Yauri a shekarar 1830 suna neman takardun Mungo Park, wanda ya halaka a Busa a 1806, sun ambaci shinkafa da albasa cikin amfanin da ƙasar take nomawa. Ke nan albasar Yauri, wadda har gobe ake lodinta zuwa kudu, tsohuwar sana'a ce, kuma hannun Gungawa ne ya raine ta a bakin ruwa, da ban-ruwan ƙwarya, fangali bayan fangali.

Wanda bai san halin kogin ba, ba zai fahimci yadda shekarar makaɗin wannan yanki take tafiya ba. Kwara a nan tana cika sau biyu a shekara: cikar farko da ruwan damina na kusa, mai laka, wadda masana kogin suke kira farar ambaliya; ta biyu kuwa cikin hunturu, da ruwan da ya sauka tun a duwatsun Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ya zubar da lakarsa a hanya, ya iso garai, ita ce baƙar ambaliya. Saboda haka, alhali manomin Katsina ko Daura yana ajiye fartanya bayan kaka ya shiga cin rani, mutumin bakin Kwara yana gama gero da dawa sai ya koma kan albasa da kamun kifi, aiki ba ya yanke masa. Makaɗi ma haka: da damina yana gonarsa, sai in an kira shi gayya, da kaka, in rumbu ya cika, sai bukukuwan aure da kalankuwa da kokawa, wadda Gungawa suka shahara da ita har wani Ba'amurke mai nazarin al'adu, Frank Salamone, ya yi rubutu musamman a kanta, da rani kuma yana tsakanin fangalinsa da kasuwannin bakin ruwa. Iyakar yawonsa ita ce inda kwale-kwale ko ƙafa za su kai shi ya komo bai bar shuka ta sha ƙishi ba.

Gayya ita ce babbar makarantarsu, kuma a nan ya kamata a dakata. Mai gona yakan sanar da rana, ya tanadi tuwo da fura, a gidajen da ba su musulunta ba kuma a dafa burkutu. Samari su jeru a bakin kunya da garemani. Makaɗi da abokinsa su biyo bayansu, suna kaɗa wa kowane ɗaya takensa, suna ambaton ubansa da kakansa da damman da gidansu ya saba ɗaurewa, suna yi wa wanda aka bari baya habaici har kunya ta hana shi miƙewa ya huta. A wajen Kambari da Dukkawa, inda saurayi yake yin shekaru yana noma wa surukinsa tare da tsararsa kafin a ba shi mata, abin da ake kira gulmo, wannan jere na garemani ya zama wurin da ake auna namiji. Abin lura shi ne, mai gangar nan ya san nauyin garma a kafaɗarsa, domin jiya shi ma ita ya riƙe. Ya san lokacin da hannu yake sanyi bayan hantsi, ya san inda zai sassauta kiɗa da inda zai tsananta. Ilimi ne da ba a samunsa a zauren fada. Ladansa kuwa galibi ba a ranar ake biya ba. Sai kaka ta yi, ya zaga gidajen da ya yi wa kiɗa, wannan ya ba shi dami, wancan ƙwaryar shinkafa, masunci ya ba shi kifi, ya haɗa da abin da gonarsa ta ba shi.

Daga nan bambancinsa da maroƙin birni ya fito. Masanin nan M. G. Smith, wanda ya yi nazarin roƙo a ƙasar Zazzau ya buga a 1957, ya bayyana yadda maroƙi yake rataye da mai ba shi, da yadda jama'a take jin tsoron bakinsa tana kuma ƙasƙantar da matsayinsa. Makaɗin fada, komai fasaharsa, abincinsa yana hannun ubangidansa, in an tuɓe sarki shi ma ya shiga halin ƙaƙa-nika-yi. Amma wanda yake da hatsin shekara a rumbu yana da ikon ya ƙi zuwa inda aka wulaƙanta shi bara, yana da ikon ya yabi talaka mai ƙwazo ya tsallake mai dukiya malalaci, kuma ba ya bukatar ya tsawaita zambo don a toshe masa baki da kyauta. Ba na cewa dukkansu masu ƙana'a ne, domin kwaɗayi bai bar wata sana'a ba. Abin da nake cewa shi ne, ƙana'a tana yiwuwa gare su ta hanyar da ba ta yiwuwa ga wanda bai shuka komai ba.

Hukuncin da ake yi wa fasaharsu ma a fili yake, nan take, ba sai an jira alƙalamin wani ba. A gayya ma'auni ɗaya ne: shin an gama gonar kafin la'asar ko an bar saura? A dandali kuwa guɗar mata ce, da yawan waɗanda suka fito rawa, da ko 'yan mata sun ɗauki amshin sun kai shi bakin turmi washegari. Sarkin Noma da Sarkin Samari su ne masu cewa a kira wane, kada a kira wane, kuma maganar da aka yi a kasuwar Yelwa ko ta Wara takan riga makaɗi isa ƙauyen da zai je. Hukunci ne mai tsanani, domin masu yanke shi sun san asalin kowa, in mawaƙi ya jingina wa mutum kakan da ba nasa ba, a take wani dattijo zai gyara masa. Amma hukunci ne na adalci, domin wanda ya yi suka yau, gobe za a gan shi a kan kunya a ga nasa ƙoƙarin.

Malamai ba su yi shiru a kan wannan sana'a ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe ba da wata manufa ta shari'a ba cikin al'adun sarakunan da ya yi wa inkari, ya keɓe ganga don tara runduna da makamancin haka. Daga baya, a cikin Najmul Ikhwani, ya kawo saɓanin malamai a kan mas'alar, ya yi sassauci. Yauri kuwa, da yake ta shiga amana da Gwandu a zamanin jihadi, ta ci gaba da zama hannun gidan sarautarta, kuma da yawa daga mutanen tsibirai da na tudu sun riƙe addinin kakanninsu har cikin ƙarni na 20. Da Musulunci ya game ƙauyuka, kiɗan da yake haɗe da bori da giya ya ja baya, amma na noma ya sami mafaka, domin ko mai tsananin wara'i yana ganin bambanci tsakanin lagawu da abin da yake ƙarfafa mutane a kan neman halali da taimakon juna.

Babban abin da ya girgiza wannan tsari shi ne madatsar Kainji, wadda aka fara ginawa a 1964 a zamanin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka tare ruwan a 1968. Tafkin da ya taru ya miƙe fiye da kilomita 130, daga madatsar har gaban Yelwa, ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibirai da fadamu, aka tashi mutum wajen 44,000 aka zaunar da su a sababbin garuruwa, cikin gidajen siminti masu rufin baka waɗanda ba su yi kama da ɗakunan da suka baro ba. Lantarki ya tafi birane, wannan gaskiya ne, kuma ƙasa ta amfana; amma Bagungen da aka ɗauke daga tsibirinsa ya rasa ƙasar da kogi yake sabunta mata taki kowace shekara, ya koma tudu inda ruwa yake nesa da shuka. Noman albasa ya sha wuya kafin ya farfaɗo da injin ban-ruwa da kuma ƙasar da tafkin yake bari in ya janye. A ra'ayina hasarar makaɗi a nan ninki biyu ce: ya rasa fangalin da yake ciyar da shi, ya kuma rasa taswirar da take cikin kansa, domin waƙar gayya cike take da sunayen gonaki da mashigai da itatuwan da aka san kowane gida da su, kuma waɗannan duka suna ƙarƙashin ruwa. A ɗaya gefen, shekarun farko na tafkin sun zo da kifi mai yawa, masunta suka taho daga nesa da kuɗi a hannu, kyauta ta fara komawa daga dami zuwa tsaba.

Rediyon Kaduna, da aka buɗe a 1962, da kaset da ya biyo baya, sun shigo da wani ma'auni dabam. Manomin Shanga ya ji Ɗan Anace, wanda ya yi wa 'yan dambe da manoma waƙa a ƙasar Sakkwato, ya ji Mamman Shata, ya fara auna makaɗin ƙauyensa da su. Wannan ya ɗaga wasu, ya kashe gwiwar wasu, ya kuma ƙara jawo waƙa zuwa harshen Hausa, ta bar harsunan gida.

Kada a ɗauka makaɗi manomi abu ne na ƙauyen da duniya ba ta sani ba. A can sama, a bakin wannan kogi, a garin Niafunke na ƙasar Mali, inda baƙar ambaliya take wucewa kafin ta iso Yauri, Ali Farka Ture ya zauna yana noma, yana zuba abin da ya samu daga kiɗa cikin gona da ban-ruwa, yana kuma gabatar da kansa a matsayin manomi tun kafin mawaƙi. Garinsa ya zaɓe shi magajin gari a 2004. Faifan da suka yi su biyu da Tumani Jabate, mai kiɗan kora, ya ci lambar Grammy a Amurka a 2006, shekarar da Ali ya rasu. Abin da manyan zaurukan Turai suka yi wa tafi, tushensa ɗaya ne da na mai goge da mai ƙwarya a bakin tafkin Kainji.

Yau gayya ta ragu, domin maganin ciyawa da ƙwadagon kuɗi da garmar shanu sun rage bukatar jeruwar samari. A gidan biki lasifika ta karɓe wurin ganga. Rashin tsaro kuma, wanda satar ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yunin 2021 ta nuna wa duniya girmansa, ya sa taron dare ya zama abin fargaba a ƙauyuka da dama. Bikin Rigata, wanda masarauta ta raya a zamanin Mai Martaba Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, yana tara makaɗan ruwa da na tudu a gaban baƙi, kuma abin godiya ne. Sai dai rana ɗaya a gaban rumfar manya ba ta nuna yadda kiɗan yake aiki a kan kunya. Littattafan da aka rubuta a kan makaɗan Hausa, irin na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, sun adana mana tarihin manyan mawaƙa. Aikin da ya rage ga ɗaliban jami'o'in Sakkwato da Birnin Kebbi shi ne su sauka Ngaski da Shanga da garuruwan Gungawa cikin watan Yuli ko Agusta, lokacin maimai, su ɗauki taken gidaje da sunayen tsibiran da aka baro daga bakin dattawan da suka yi kiɗa kafin 1968, da Hausa da Gunganci da Kambarci, musamman da Shanganci, wanda masu jinsa suke ƙaranta shekara bayan shekara.