Uwar garken wasa cikin kwantena: mene ne, kuma yaya take aiki?

Uwar garken wasa wata manhaja ce da ke riƙe da filin wasan bidiyo, tana lissafin motsin kowa, domin mutane da yawa su buga tare, kowa daga wayarsa ko kwamfutarsa. Idan ta tsaya, wasan kowa ya tsaya.

Kwantena kuwa ya samo sunansa ne daga kwantenonin kaya irin waɗanda ake saukewa a tashoshin ruwan Kwatano da Lome. Ana haɗa manhaja da duk abin da take buƙata a ƙunshi guda, ta yadda za ta yi aiki iri ɗaya a kowace kwamfuta, ba tare da ta taɓa sauran manhajoji ba. Fitaccen kayan aikin wannan fanni shi ne Docker, wanda Solomon Hykes, da ya tashi a Faransa, ya fito da shi a watan Maris na 2013. Tsarin ya dogara ne a kan Linux.

Wasanni biyu ne suka fi dacewa da mai koyo. Na farko Minecraft, wanda Markus Persson ɗan Suwidin ya fara a 2009, Microsoft kuma ta saya a 2014 kan dala biliyan 2.5. Uwar garkensa ta Java tana karɓar ƴan wasa ta ƙofa mai lamba 25565. Na biyu Luanti, wanda har zuwa 2024 ake kira Minetest. Shi kyauta ne, yana aiki a wayoyin Android, ƙofarsa kuma 30000.

Matakan guda huɗu ne: a sa Docker, a sauke ƙunshin wasan, a buɗe ƙofarsa, sannan a ware masa rumbun ajiya a wajen kwantenan. Wannan mataki na ƙarshe ya fi kowane muhimmanci, domin duk abin da aka ajiye cikin kwantena kawai, yana ɓacewa ranar da aka goge shi. Ginin da yara suka yi wata uku suna yi sai ya tafi a banza.

A gari irin Keita, Buza ko Madawa, amfanin tsarin shi ne rage kuɗin intanet. Da zarar an sauke Luanti, kwamfuta ɗaya da na'urar Wi-Fi sun isa a buga a makaranta ko gidan matasa, ko babu rezo. Minecraft kuwa, a tsarinsa na asali, yana neman intanet don tantance ƴan wasa. Shigo da abokai daga Tawa ko Yamai ya fi wuya, saboda layukan waya sukan haɗa mutane da yawa a adireshin intanet guda.

Abin tsoro shi ne ɗaukewar kuran, wadda ke iya lalata ajiyar idan ta zo ana cikin rubutawa. Maganinsa batir ko sola, da kwafe rumbun a kile USB kowane mako. Zafi da ƙurar hunturu ma suna kashe na'ura, saboda haka a aje ta a inuwa, inda iska ke shiga.